Sufyan Ɗalha, Wanda Ya Tafi Ɗauko Uwar Hoto

Ranar Talata, tara ga watan Maris na 2021, da hantsi, 'yan bindiga suka kashe Sufyan Ɗalha a kan hanyar Toumour zuwa Diffa. Labarin ya iso kasuwa kafin la'asar, gawar ta iso kafin magariba. Na Allah ne, ya koma wurin Mai shi, mu ma muna tafe. Yau kwana arba'in ke nan, kuma sai yau hannuna ya yarda ya riƙe alƙalami, domin saboda ni ya bi wannan hanya.

Malam Sufyan, wanda bai san ka ba zai ce mai shagon fotokofi ne a bakin kasuwa, ɗan 'yan kasuwar Damagaram da ya ƙi buhun sukari ya rungumi kwamfuta. Mu da muka haye kogin Komadugu da kayan jikinmu kaɗai mun san ka fi haka. Ni, Zainaba, malamar makaranta ce a Damasak kafin a ci garin. A rumfunan 'yan gudun hijira na Assaga na fara jin sunanka. Kowane ofishin agaji yana son hoto da takarda irin nasa: wannan ya ce JPG mara nauyi, wancan ya ce sai PDF, kuma duk wanda aka maido wa takardu cewa ake ya tafi wurin Sufyan.

Kai kuwa ga dogon bayani. Wanda ya zo maka da gaggawa ya shiga uku. Sai ka zaunar da tsohuwa ka yi ta gaya mata cewa JPG ba shi da nauyi, amma duk lokacin da aka taɓa shi aka sake ajiyewa sai ya rame. PNG nauyi gare shi, amma yana riƙe rubutu tas. PDF kuwa ambulan ne kawai da ma'aikata ke so. Tsohuwa na gyaɗa kai, ba ta ji ko ɗaya ba. Na sha tsokanarka cewa ni ce malama amma kai ne mai wa'azi. Ka yi dariya, ka ƙara da abin da ba ka gajiya da faɗa: hoton farko da waya ta ɗauka shi ne uwa, a juya 'ya'yansa yadda ake so, amma uwa ba a taɓa ta, ba a goge ta.

Ba zan manta da damunar da aka yanka manoman tattasai goma sha ɗaya a bakin kogi ba. An binne su da gaggawa saboda zafi, wani ya ɗauki hotunansu da waya kafin a rufe, aka kawo maka don iyalai su gane nasu. Na ga hotunan a kan allonka. Maƙogwaro a buɗe, hannaye a ɗaure ta baya, ƙudaje a kan idanu. Ka fita bayan shago ka yi amai, ka wanke baki, ka dawo ka zauna. Ɗaya bayan ɗaya ka yanke kowane hoto daga haɓa zuwa sama, ka ajiye shi a PNG don kada tsagar fuska ta ƙara dushewa, tunda da ita uwa za ta gane ɗanta. Mata goma sha ɗaya suka ga fuskokin mazansu da 'ya'yansu, babu wadda ta ga aikin wuƙa. Kai kaɗai ka ɗauki wannan nauyi, kuma matarka Sadiya ta ce mako guda ba ka iya cin nama ba.

To, ga nawa laifin, zan faɗe shi a gaban mutane. Ƙanena Kyari aka kama, wani ya yi masa ƙazafi cewa ya gan shi cikin maharan da suka ƙone wani ƙauye. Aka wuce da shi Yamai aka rufe. Alhali a ranar da ake magana yana Toumour wurin sunan ɗan kawunmu Baba Zarami, har an ɗauke shi hoto yana riƙe da ragon suna. Baba Zarami ya zuba mini hoton daga wayarsa zuwa tawa, hannu da hannu. Amma kowa a nan ya san abin da muke yi kafin mu hau hanya: share waya ake yi ƙal, domin ba ka san wanda zai tare ka ya ce buɗe ba, kuma hoton taron maza na iya jawo maka bala'i daga kowane ɓangare. Na ɗauki hoton allon wayata, na aika wa ƙawata, na goge na asali. Ina ganin dabara na yi.

Da lauya ya nemi shaida, na kawo maka wannan don ka mayar da shi PDF. Ka duba shi da kyau.

"Malama, ina uwar?" ka tambaye ni.

Na ce na goge. Ba ka yi mini faɗa ba, da ma ka yi. Ka bayyana mini cewa a cikin JPG na asali waya kan ɓoye rana da sa'a, wani lokaci har da wurin da aka ɗauka, amma hoton allo ranar da na ɗauke shi kawai ya sani. Fuskar Kyari na nan, rago na nan, ranar ce babu, kuma ranar ce za ta fid da shi. Uwa ɗaya ta rage a duniya, a wayar Baba Zarami, a garin da aka fasa turken sadarwarsa, a hannun tsohon da ƙafa ta hana tafiya. Na ce ni zan je. Ka ce idan na je zan sake lalata shi wurin kwafa, kuma gaskiya ka faɗa. Babur an hana, sai ka ɗauki kwamfutarka ka hau motar kasuwa ranar Litinin.

Abin da ya faru a dawowa, A'i mai sayar da busasshen kifi ce ta ba ni labari, ita ce ke zaune kusa da kai. 'Yan bindiga suka fito daga cikin daji su kusan goma, suka harbi taya, suka harbi direba a kai yana riƙe da sitiyari. Kafin motar ta gama tsayawa ka danna mata ɗan katin ajiyar da uwar hoton ke ciki a tafin hannu.

"Inna, ɗaure a bakin zane. Na Malama Zainaba ne, dosiyen shari'ar ƙanenta. Ki ce kada ta juya shi, ta kai yadda yake."

Aka sauke ku, mata gefe, maza rub da ciki a kan rairayi. Suka tattara wayoyi suka farfasa da gindin bindiga. Da suka zazzage jakarka suka ga kwamfuta, sai suka ce kai ne mai kai rahotonsu. Suka karya maka yatsu suna tambayar me ka je ɗauka a Toumour, wa ya aike ka. A'i ta ce ba ka ambaci sunana ba, ba ka ambaci Baba Zarami ba, ba ka dubi inda take ba ko sau ɗaya. Kalmar shahada kawai take ji. Suka harbe ka sau biyu a ƙirji, suka kashe wasu maza huɗu, suka cinna wa motar wuta.

Washegari A'i ta neme ni har gida, ƙafafunta a kumbure, ta kwance bakin zanenta. Ban buɗe katin ba, ban kwafa ba, ban bari kowa ya taɓa shi ba. Na kai wa lauya yadda yake. Rana da sa'a suna ciki kamar yadda ka ce, kuma da aka haɗa su da shaidar waɗanda suka ci sunan, alƙali ya sallami Kyari.

Shekaranjiya ya sauka a tashar Diffa, ya rame, da azumi a bakinsa. Bai taɓa ganinka ba, kai ma a hoto kaɗai ka san shi. Lauya ya gaya masa wani mai shago ne ya samo shaidar, bai gaya masa sauran ba. Ko gida bai yarda mu fara zuwa ba.

"Yaya, ki kai ni shagon mutumin nan in yi masa godiya tukuna."

Na kai shi ƙofar shagon, yana kulle. Ƙanenka Khalifa ne ya kama hannunsa ya wuce da shi maƙabarta, ni na tsaya a bakin hanya ina jira har suka dawo.

Ya Allah, Ka ji ƙan bawanka Sufyan ɗan Ɗalha. Ka karɓe shi cikin shahidai, Ka yalwata masa makwanci, Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa kamar yadda ya rufe wa iyaye mata raunukan 'ya'yansu. Ka ji ƙan waɗanda suka faɗi tare da shi, Ka kashe wutar da ke cin wannan kwari. Hajiya Baturiya, mahaifiyarsa, da Sadiya, da 'yarsa Ikhlas, da Khalifa, da dukan dangi na Diffa da Damagaram, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya tsaya muku. Ni na samu ƙanena, ku kun rasa naku ta dalilina. Ina roƙonku, don darajar wannan wata, ku yafe mini.