Ɗaɗɗoyar Kunnen Toshtemir

Duk wanda ya zauna a unguwarmu a birnin Kokand ya san Toshtemir mai aski, kuma ba askin ne ya fito da shi ba, don gaskiya askinsa ba wani abin a zo a gani ba ne. Kunnensa na dama aka sani. Tun yana saurayi kullum akwai reshen ɗaɗɗoya maƙale a bayan kunnen nan, daidai bakin hula, ɗanye shar. Maza da yawa suna yin haka lokacin zafi, sa'ad da ɗaɗɗoya ta cika kowane tsakar gida. Shi Toshtemir kunnensa bai san zafi da sanyi ba.

Asalin abin wauta ce ta ƙuruciya. Ranar da aka kai shi ganin Sharofat kunya ta ɗaure masa baki, sai da za a tashi ya samu ya ce mata in ta yarda da shi, ba za ta taɓa ganin kunnensa tsirara ba. Ta rufe baki da gyale tana dariya, amma ta yarda. To, Toshtemir ba shi da gona, ba shi da mota, ba ya cikin masu faɗa a ji. Wannan alkawari shi ne kaɗai abin da ya mallaka, ya kuwa riƙe shi har furfura ta cinye masa kai.

Wahalar tana zuwa ne da hunturu. Taga ɗaya ce ke samun rana a gidansu na saman bene, ita ce ta kicin, kicin kuwa ƙasar Sharofat ce. Da iska ta fara cizo sai ya kwaso rundunarsa ya jera a bakin tagar: tsohuwar butar shayi mai karyayyen hannu, da gwangwanin tumatir, da wani kwano da ya huje, kowanne da ɗaɗɗoyarsa. Idan gas ɗin ɗumama gida ya yi rauni gidan ya ɗauki sanyi, sai ya tuɓe rigarsa mai auduga ya lulluɓe su, shi ya zauna yana karkarwa.

Sharofat kuwa 'yar ɓangaren busasshe ce ta gidi. Tun da zafi take shanya ɗaɗɗoya da na'a-na'a a inuwa, ta ɗaure su ƙulli-ƙulli ta adana a jakunkunan ƙyalle. A wurinta ɗanyen ganye a cikin ƙanƙara taurin kai ne kawai. Busasshe in ta murza kaɗan a tafin hannu ya ishi tukunya guda, ɗanye kuwa da ya ji zafi sai ya yi baƙi ya langaɓe. Shi kuma ya ce busasshe abincin awaki ne, warin tsohon akwati yake yi. Yana faɗin haka yana shan miyar shinkafarta, ya kuma miƙa kwano a ƙara masa.

Abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya shi ne ɓarawo. Kowane hunturu wani yana tsinke masa kan rassa, daidai sabon toho mai laushi. Ya zargi kyanwa, ya zargi maƙwabciya mai zuwa aron rariya, har wani mai gyaran famfo sai da ya sa ya buɗe masa tafin hannu. In ya kawo ƙara, Sharofat ko a jikinta, sai ta ce, "Baban Zebo, matsa min daga haske, albasa nake yankawa."

A hunturun da nake ba ku labari, 'yarsu Zebo ta haihu a garin Namangan, Sharofat ta haɗa kaya ta tafi sai an yi arba'in. Toshtemir ya yi kewarta tun motar ba ta sha kwana ba, amma a ransa ya ce ko ba komai taga ta zama tasa. Kuma abin mamaki, satar ta tsaya cak. Ya ce lallai maƙwabciyar ce, tunda yanzu ba ta da dalilin shigowa.

Ɗaɗɗoya ta samu sake, ta miƙe zarar-zarar har ta kai rabin gilashi. Toshtemir ya daina ma cirar na kunne daga sama, sai ya lallaɓa ya ciro na ƙasa, don kada ya rage mata tsawo. Rannan ya tashi ya tarar ta yi fure. Fure a tsakiyar ƙanƙara! Bakinsa har kunne ya tafi gidan shayi ya taso abokansa, dattawa masu ciwon gwiwa, ya sa su hawa bene su gani. Ergash, abokin tsokanarsa tun makaranta, ya daɗe yana kallon furen yana haki, sannan ya ce, "Da haka ka kula da kawunan mutane, da ban yi aure da tabon almakashi ba."

Murnar ba ta je ko'ina ba. Bayan furen ganye ya fara ƙanƙancewa, ya koma ruwan ɗorawa, ya riƙa zuba. Toshtemir ya ƙara ruwa, ya zuba ragowar shayi, ya kai su kusa da murhu, ya dawo da su. Ta gwangwani ta fara tafiya, ta kwano ta bi ta. Ta butar shayi ta ɗan yi ta maza, sannan ita ma ta koma tsinke. Sai ga waya daga Namangan, Sharofat tana tafe jibi.

Hankalinsa ya tashi sosai. Ya gwada maƙala lawashin albasa a kunne a gaban madubi, idonsa ya kawo ruwa, ya ga kansa kamar wanda ya faɗa cikin kwandon cefane. Ya bi gidajen unguwa, kowa ya ce masa sai dai busasshe. Daga ƙarshe ya tafi kasuwa wurin wata tsohuwa mai sayar da ganyen da ake nomawa cikin rumfar leda lokacin sanyi. Ta ce ɗaɗɗoya kam sai bazara, amma ta saurari labarinsa har ƙarshe, har da zancen ɓarawon da ya tuba.

"To ɗana, je ka nemo ɓarawon nan ka ba shi haƙuri," in ji ta. "Ɗaɗɗoya in ba a tsinke mata kai ba sai ta yi fure, in ta yi fure kuma ta gama abin da ya kawo ta duniya."

Toshtemir ya tsaya cikin sanyi yana tunanin ranar da satar ta tsaya, da wadda ta bar gidan a ranar. Shekara da shekaru matar nan tana zagin ɗanyen ganye da baki, tana raya masa shi da farce, ta bar shi yana yawo da kunne a sama kamar shi ya yi aikin. Kunya ta kama shi, sannan wani son matarsa ya taso masa irin wanda ya manta yana da shi.

Ranar zuwanta ya buɗe jakar ƙyallenta, ya zaɓi busasshen reshe mafi kama da mutum, ya maƙala. Kafin ya kai tasha rabinsa ya marmashe masa a wuya.

Ta sauko daga mota da ƙullin kaya, ta dubi fuskarsa, ta dubi kunnen.

"Maman Zebo," ya ce, "sun mutu duka. Ashe ɓarawon nan..."

"Ɓarawon ya gaji, tun safe yake zaune a mota. Karɓi kayan nan."

Ta miƙa hannu ta zare reshen, ta shinshina, ta taɓe baki. "Ka rasa wanda za ka ɗauko sai na bara. Na bana yana bayan buhun fulawa." Ya zaci yar da shi za ta yi. Sai ta ɗaga masa hula kaɗan, a gaban direbobi da masu tallar burodi, ta mayar masa da shi bayan kunne da hannunta, ta danna don ya zauna.

Haka ya biyo ta har gida, kaya a hannu biyu, wuya a sandare don kada abin ya faɗi. Marmashin ganye yana ta gangara masa cikin riga yana ƙaiƙayi, bai ko sosa ba.