Gangar da Kawu Ya Sauke

Jiya da hantsi ina tsaye bakin titi, wata babbar mota ta tsaya kusa da ni. A jikinta an rataye bido-bido na ruwa, kowanne an naɗe shi da buhu an jiƙa don ya yi sanyi. Ƙamshin jiƙaƙƙen buhun nan ya gauraya da warin gazuwal, man manyan motoci, ya shigo mini hanci. Na manta abin da ya fito da ni daga gida. Mai karatu, ƙamshin babana ke nan. Haka rigarsa take ƙamshi duk ranar da ya dawo daga saharar Tenere ya ɗaga ni sama, ina dariya ina kama rawaninsa.

Mu Kiristoci ne, kuma ba mu da yawa a Agadas. Kakana magini ne, aiki ya kawo shi daga kudu shi da Kaka, ya rasu ya bar ta da ɗa guda, wato babana. Gidanmu na ƙasa ne, a wani lungu da idan ka ɗaga kai kana hango ƙololuwar dogon masallaci. Maƙwabtanmu duka musulmi ne. Da salla su aiko mana nama, da Kirsimeti Kaka ta raba musu shinkafa. Kaka mace ce mai waƙa. Tana daka tana rera waƙoƙin majami'a, tana tankaɗe tana rerawa, har tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, matar maƙerin azurfa, ta haddace wasu ba tare da ta sani ba.

Baba direba ne. Yakan kai hatsi Fachi, wani gari can tsakiyar sahara, ya dawo da gishiri da dabino. Ba ya tafiya shi kaɗai, kullum motarsa da ta amininsa suke jerawa. Aminin nan musulmi ne, tare suka koyi mota tun suna samari, a kwano ɗaya suke cin tuwon Kaka. Shi yana ce mata Inna, ni kuma ina ce masa Kawu. Dogo ne, mai yawan barkwanci, kuma bai taɓa dawowa daga tafiya ba tare da ya cika mini aljihu da dabino ba.

Direbobin sahara suna da ƙa'idojin da kowa ya sani. Gangar ruwa ana ɗinke ta cikin buhu, gangar gazuwal kuwa a bar ta tsirara, don ko ido a rufe hannu ya bambance su. Sannan direba ba ya barin motarsa a daji, domin kayan da ke ciki amanar mutane ce.

Ina da shekara bakwai, cikin tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya yarda ya taka rairayi da rana, wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar Baba, sauran tafiyar yini biyu su isa Fachi. Ruwansa ya kusa ƙarewa, don sun sha kafewa a hanya. Sai aka kwashe fasinjojinsa aka ɗora a motar Kawu, aka shirya Kawu zai kai su, ya samo ƙarfen ya dawo. Kafin ya tafi ya gangaro wa Baba cikakkiyar ganga guda, ɗinke cikin buhunta. Suka yi sallama suna dariya.

Abin da Kawu ya manta shi ne, ranar da za su taso daga Agadas ya sayi ƙarin gazuwal, ya rasa inda zai zuba, ya zuba a wata tsohuwar gangar ruwa da niyyar ya yage buhun daga baya. Bai yage ba. Sai washegari da man motarsa ya yi ƙasa, ya bi gangunansa ɗaya bayan ɗaya yana buɗewa, duka ruwa ne. A nan ya gane abin da ya bar wa amininsa. Ba shi da man komawa. Da ƙyar motar ta kai su kusa da gari, suka ƙarasa a ƙafa. Kafin a samu mai a koma, kwana biyar sun wuce. A ƙarƙashin motarsa suka tarar da Baba, gangar a buɗe kusa da shi. Can suka binne shi.

Wani direba ne ya kawo mana rawanin Baba da agogonsa. Kawu bai zo ba. Aka yi zaman makoki aka tashi, mutanen majami'a suka zo, maƙwabta suka zo, direbobi suka cika ƙofar gida, amma Kawu ko saƙo. Daga baya muka ji ya sayar da motarsa ya bar gari. Kaka takan ce kuskuren ganga kowa zai iya yi, amma ɗan da ya ci tuwonta shekara ashirin ya kasa zuwa ya ce mata sannu, wannan ne abin da ta kasa yafewa. Mahaifiyata ta koma wurin danginta a kudu, aka bar ni in ɗebe wa Kaka kewa.

Waƙa ta ɗauke daga gidanmu. Turmi kaɗai ake ji. Kaka ba ta daina zuwa majami'a ba, amma ni da nake zama a gefenta na ga abin da wasu ba su gani ba. Idan ana addu'ar da Ubangiji ya koya mana, aka zo wurin da muke roƙon a yafe mana yadda muke yafe wa wasu, sai leɓunanta su tsaya, ta jira a wuce ta ci gaba. Ranar Jibin Ubangiji kuma, idan ƙoƙo ya iso hannunta, sai ta miƙa wa ta kusa ba tare da ta kai baki ba. Ta ce ba za ta yi wa Allah ƙarya ba. Shekara takwas muna haka. Ni kuwa na girma da ƙiyayyar Kawu kamar yadda wasu 'yan mata ke girma da begen saurayi. Da ita nake kwana, da ita nake tashi.

Wata safiya matar maƙeri ta leƙo ta saman katanga, Kaka tana tsince gero.

"'Yar majami'a, kin tashi lafiya?"

"Lafiya lau, uwar gulma. Me kika kawo mana yau?"

Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Ɗanki yana tasha, kwance bayan rumfar mai shayi. Daga Cibarakatan aka sauko da shi. Ƙurar ramin zinariya ta cinye masa ƙirji."

Kaka ta ci gaba da tsintar geronta. "Ɗana yana ƙarƙashin rairayi. Ba ni da wani a tasha."

"To, ni dai na faɗa."

Kwana biyu Kaka ba ta ci abincin kirki ba. A na uku ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Daga baya ta gaya mini gaskiya, ta ce ba tausayi ya fitar da ita ba. So take ta gan shi a wulaƙance, ta faɗa masa maganganun da ta shekara takwas tana shiryawa.

Da ƙyar na gane shi. Dogon mutumin nan ya koma kamar itacen da aka jingine. Yana kwance kan kwali, ƙudaje na bin fuskarsa. Da ya ga Kaka sai ya ja rawani ya rufe ido. Kaka ta tsaya a kansa, ina jiran ta fara. Ta daɗe tana dubansa. Leɓunansa sun tsattsage, sun yi fari, bidon da ke kusa da kansa kuma babu ko ɗigo.

Sai na ji ta ce, da wata murya da na daɗe ban ji ba, "An ba ka ruwa yau?"

Ta karɓi moɗa wurin mai shayi, ta durƙusa cikin ƙasar tasha, ta tallafi ƙeyarsa ta ba shi. Yana sha yana kuka yana cewa, "Inna, Inna." Kafin azahar an ɗora shi a amalanken jaki an kawo shi gidanmu. A ɗakin Baba ta sa aka kwantar da shi.

Ranar na yi wa Kaka rashin kunyar da ban taɓa yi ba. Na ce ta sayar da ɗanta, na ce a kan tabarmar Baba za ta kwantar da wanda ya kashe shi. Ta bar ni na gama, sannan ta jawo ni ta zaunar.

Ta ce, "'Yar nan, kina tsammani ni na iya? Shekara takwas ina roƙon Allah ya cire mini dutsen nan daga zuciya, ina roƙo ina ƙara ƙanƙame shi. Da na ga bakinsa, babanki na gani a ƙarƙashin mota yana jiran wanda zai zo. Sai kawai na ji dutsen babu. Yesu bai jira na gyaru ba kafin ya yafe mini. Alheri ne aka zuba mini har ya cika ya zubo, shi ya taɓa Kawunki. Ba nawa ba ne da zan hana."

Na ce ni dai ba Kawuna ba ne. Ta ce, "To. Wanda ya jira ni zai jira ki."

Lahadin da ta biyo baya, ƙoƙo ya iso hannunta, ta sha. Hawaye yana bin kumatunta har cikin wuyan riga. Da muka dawo gida ta ɗauki taɓarya, sai matar maƙeri ta ji waƙa ta tsallako katanga, ta ce, "Allah mun gode, rediyonmu ya gyaru."

An kai Kawu likita, suka ce babu abin da ya rage sai jinya. Kaka ta yi masa jinyar uwa. Ta dama masa kunu, ta wanke tsummokin da yake tari a ciki. Ta juya shimfiɗarsa ta fuskanci alƙibla, kuma da ya kasa alwala ita take ɗebo masa rairayi mai tsabta a faranti don ya yi taimama. Ta roƙi maƙeri ya riƙa shigowa da la'asar yana yi masa karatu. Wasu a majami'a sun yi gunaguni, wasu a unguwa sun ce so take ta juya shi ya bar addininsa. Ba ta tanka wa kowa ba. Da safe takan tsaya a ƙofar ɗakin ta yi masa addu'a irin tamu, shi kuma ya ce amin.

Ni kuwa ko kallon ƙofar ba na yi. Sau ɗaya ya kira ni ina wucewa, ya ce, "Ɗiyata, ki yafe mini." Na ce ba ni da uba a ɗakin nan, na wuce. Na ji tarinsa ya bi ni har zaure.

Kawu ya kai damina. Ranar da aka yi ruwan farko, gari ya cika da ƙamshin ƙasa, yara suna ta gudu zuwa kallon kori, rafin gari, ya kawo ruwa. Kaka ta tafi niƙa, ruwa ya tsare ta can. Ni kaɗai ce a gida sai tarin Kawu, wanda ya ƙi tsayawa. Na toshe kunnuwana, na shiga ɗaki, na fito. Kunun da Kaka ta bar masa yana bakin murhu ya huce. Ban yi wata doguwar addu'a ba. Abin da na ce kawai shi ne, Ubangiji, ni ba zan iya ba. Sai na ga hannuna ya ɗauki kwanon.

Ɗakin ya yi duhu saboda hadari. Na durƙusa, na tallafi kansa yadda na ga Kaka tana yi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na so in ce na yafe, kalmar ta zo har bakina ta maƙale. Abin da ya fito shi ne, "Kawu, sha."

Ya dube ni. Ya sha ludayi biyu. Ya laluba ƙarƙashin matashinsa kamar mai neman abin da zai ba ni, bai samu komai ba, sai ya riƙe yatsuna. Muna nan haka har Kaka ta shigo a jiƙe, ta gan mu, ta koma da baya.

Bayan la'asar ya cika, maƙeri yana gefensa. Maza musulmi na unguwa suka yi masa wanka suka kai shi. Kaka ta shimfiɗa tabarmi ta zauna karɓar gaisuwa kwana uku, a matsayin uwar mamaci. Tsofaffin direbobi suka zo suna durƙusawa a gabanta, wasunsu ba sa iya ɗaga kai. Ta ce mini wannan karon ko ba komai ta ga fuskar ɗanta kafin a rufe shi.

Yau Kaka ta daɗe da rasuwa, gidan ma an rushe shi an yi na siminti. Motocin sahara sun zama ƙanana masu gudu, direbobi suna riƙe da wayar da ke samun layi ko a tsakiyar Tenere, amma har yanzu ana rasa mutane a can, kuma har yanzu akwai gidajen da aka daina gaisawa saboda abin da ya faru a hanya. Ni ma ba koyaushe zuciyata take da laushi ba. Akwai ranakun da nake tuna cewa ban faɗa wa Kawu kalmar da ya roƙa ba, in yi kuka har idona ya kumbura. Abin da ke rarrashina shi ne, alherin da ya sa hannuna ɗaukar kwanon nan ya san sauran abin da bakina ya kasa.

Kwanan baya na ba ɗiyata wannan labari, ban rage komai ba. Da na gama ta ce, "Mama, to shi mutumin nan mene ne namu?"

Na ce mata, "Kakanki ne shi ma."