Kawu Mai Ƙaramar Tanka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan Yuli, aka kira ni a wurin aiki aka ce Kawu ya cika, bayan gajeriyar jinya.

Kawu, kai mai walda ne, ka haura sittin, amma ka koyi wasan tankokin yaƙi a kwamfuta har ka fi mu zaƙewa. Muna rububin manyan tankoki, kai kuwa ka maƙale wa wata 'yar ƙarama. Ka haddace bayaninta tsaf: mutum biyu take ɗauka, injin mota biyu aka haɗa mata don an ƙera ta cikin gaggawar yaƙi, sulkenta kuwa ka rantse ƙofofin da kake yi sun fi shi kauri. In mun kira ta gwangwani sai ka ce, "Gwangwanin nan ne idonku, ja'irai." Gaskiyarka ce. Aikinta ta ruga gaba ta hango abokan gaba, na baya su harba. Kullum kai ake fara kashewa.

Sai daga baya na gane abin da ya kai ka wasan. Ni da ƙanena mun daina magana tun wani saɓani bayan rasuwar mahaifiyarmu, yayarka. Ka yi nasiha har ka gaji. Sai ka sa mu ƙungiya ɗaya, kowa yana bugawa daga ɗakinsa. Da zarar an fasa tankarka sai ka ce, "To, ni dai na mutu. Babba, faɗa wa ƙanenka inda suke." Dole in ce masa dama, ya ce mini hagu. Ana kashe kwamfuta mu koma gidan jiya.

Ka sha faɗa cewa burinka ka gan mu zaune a kan benci ɗaya a shagonka. Mun ɗauka akwai sauran lokaci.

Ranar da muka ɗauki makararka, ƙanena ya waiwayo ya ce, "Yaya, karɓe ni, kafaɗata ta gaji." Na karɓe shi. Maganarmu ta farko ke nan ido da ido, kuma ba ka ji ta ba. Wannan ne yake ci mini rai.

Allah ya jiƙan ka, Kawu, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyya ga matarka da 'ya'yanka, Allah ya ba su haƙuri. Mu kuma ya ba mu ikon riƙe zumuncin da ka tafi kana ƙullawa.