Kifin da Ke Kallon Gabas

A gidanmu na Aljirif, wata unguwa a bakin kogin Nilu, mahaifina ya taɓa kawo ɗan giwan ruwa daga kogin, bai wuce tafin hannu ba, ya saka shi a akwatin gilashi. Kifin ya yi ta girma har ya kasa juyawa, ya tsaya cak yana kallon gabas. Haushi ya ishe ni, na ce a soya shi kowa ya huta.

Kakata takan zauna gabansa bayan la'asar, hasken ruwan yana rawa a fuskarta. Iyayenta daga Kano suka taso za su Makka, tafiyar ta ƙare a nan.

Ta ce, "Ƙyale shi, ɗan nan. Shi ma zango ya yada, zangon ya zame masa gida."