Ciyawar Baba Ishaya

Baba Ishaya mutumin tudun Bokkos ne, amma furfurarsa a unguwar masana'antu ta Challawa ta fito, a bakin ƙofar wani kamfanin fata inda yake gadi. Hutunsa sau ɗaya ne a shekara, kuma bai taɓa kashe shi a kan biki ko Kirsimeti ba. Na shukar dankalin Turawa ne. In ya sa hutun daidai da saukar ruwa a kan tudu, gidansa ya ci shekara. In ya kuskure, sai baɗi.

A da abin ba wuya. Ista na wucewa, ciyawar tudu ta yi kore, ruwa ya biyo baya. Yanzu kuwa damina ta zama baƙuwar da ba ta aiko da saƙo. Ga waya, amma matarsa Hannatu ko cikin Janairu ya kira ta sai ta ce, "Hadari ya haɗu, ka taho." Don haka ya haƙo ciyawa daga bayan gidansa, da saiwarta da ƙasarta, ya dasa a tsohon bokiti gefen ɗakin gadi.

"Wannan ba ta ƙarya," in ji shi. "Ranar da 'yan uwanta suka farka a gida, ita ma za ta farka."

Shekarar nan sai ciyawa ta farka tun cikin Fabrairu, kore shar. Baba Ishaya ya zagaya bokitin, ya shinshina, ya nufi ofis ya karɓi hutu.

Ya tarar da tudun garinsu fari fat, shanu na lasar ƙasa. Hannatu ta yi murna ƙwarai. Ta sa shi ya gyara rumbu, ya ɗaure shinge, ya je gaida surukai. Hutu ya ƙare, ko ɗigo bai sauka ba.

Ranar da ya dawo, da azahar, ya ga Mamman ɗan Jigawa, mai aikin wankin fata, tsugune da buta a kan bokitin yana alwala. Bayansa mutum uku na jiran layi.

"Mamman! Me nake gani?"

"Baba, sannunku da hanya. Ai tun kafin ku tafi muke yi. Gani muka yi ta bushe, ga ruwa yana zuba a banza. Muka ce bari mu samu lada."

"Lada? Kun cinye min hutu da ruwan buta!"

"To Baba, ciyawar da ba ta bambanta hadari da alwala, ita kuka riƙe malama?"

Baba Ishaya bai yi dariya ba. Ya ja benci ya zauna, ya tambaye su wa yake tsare musu ƙofa duk ranar Sallah, har ya duba musu inji su je Idi. Mamman ya ajiye buta, suka nufi ofishin manaja.

Da ruwa ya sauka da gaske a ƙarshen Afrilu, manaja ya yarda masu alwala su karɓi gadin bi da bi har ya shuka ya dawo. Mamman ne ya raka shi bakin titi da jaka a ka.

"Baba, dankalin da za ku kawo mana, manya-manya dai."

"Kai naka ruɓaɓɓe ne," in ji Baba Ishaya, ya shige Keke Napep.