Kawu Illa da rumbun Marsel

Duk wanda ya taɓa ɗaukar Kawu Illa a mota ya san maganar nan tasa: "Tsaya nan." Ba ruwansa da ko wata babbar mota na bin ka a baya tana huci. Da ya hango tsohon ginin ƙasa a cikin gona, magana ta ƙare. Ni Rabi, 'yar ƙanwarsa, na fi kowa shan wannan wahala, don ni kaɗai ce mai mota a gidanmu na Vénissieux, a gefen birnin Lyon, kuma ranar Lahadi ba na aiki. Wato dai ba na aikin asibiti, aikin Kawu nake.

A ƙauyukan gabas da Lyon akwai tsofaffin ɗakunan ajiya na manoma, manya-manya, na jar ƙasa, inda da ake zuba ciyawa da alkama a ɗaure shanu. Kawu rumbu yake ce musu, komai girmansu. Tun da ya bar aikin masana'anta sai ya mai da su dangi. Zai sauka ya yi sallama a ƙofa ko da babu kowa sai tattabaru, ya shafa bango, ya ɓalli ɗan ƙasa ya murza, wani lokacin har ya sa a harshe. Ni kuwa ina cikin mota ina cika ina batsewa.

Wata rana aka buɗe irin waɗannan gine-gine don masu yawon kallo, ya tasa ni gaba muka bi ayari. Aka shiga da mu wani da aka gyara ya zama masaukin baƙi, da kujeru masu laushi da bahon wanka fari fat a tsakiya. Mutane na ta yabawa suna ɗaukar hoto. Kawu ya tsaya kan bahon nan ya daɗe, sannan ya juyo ya ce mini da Hausa, da ƙarfi, "Ɗiyata, mu tahi. Wannan rumbun ya rasu, wanka ake mishi."

A irin wannan yawo muka gamu da Marsel, wani tsohon manomi mai taurin kai wanda bai fi Kawu magana ba. Bangon rumbunsa na gefen hanya ya tsage yana zubewa, kuma hukumar ƙauyen ta ce ko ya gyara ko a rushe, kada ya faɗa wa masu wucewa. 'Ya'yansa suna birni, sun ce a rushe a huta. Kakan kakansa ne ya gina shi. Yana ba mu labari yana kallon ƙasa, Kawu kuwa ya cire hula ya sosa ƙeya, ya ce babu mai rushe rumbu yana raye. Ya yi wa mutumin bayanin gayya da guntun Faransancinsa: mutane za su zo su yi aiki, ba a biyan kowa, mai gida dai ya ciyar. Marsel ya ɗauka wasa ne.

To, nan ne Kawu ya yi abin da har yau ba a gama yafe masa ba a Paris. Ya buga wa abokansa na Montreuil, can gefen Paris, waya, ya ce ana taro a ƙauye kusa da Lyon, akwai abinci, kada kowa ya ba shi kunya. Kalmar aiki ba ta fita daga bakinsa ba. Suka cika bas suka zo, Alhaji Sani, babban amininsa, a gaba, sanye da farar shadda sai ƙamshin turare yake. Suna sauka suka tarar da tulin ƙasa, da bokitai, da Kawu ya naɗe wando har gwiwa yana cuɗa laka da ƙafa.

Alhaji Sani ya ce, "Illa, ina taron?"

Ya ce, "Ga ku nan, kun taru."

An yi faɗa, an yi rantsuwa, wani ya ce a mai da shi tasha yanzu-yanzu. Amma kun san mutanenmu. Da suka ga yadda wani matashi ke yaɓa lakar a karkace, sai kowa ya tuna shi ma ɗan ƙauye ne, ya tuɓe riga don ya nuna yadda ake yi a garinsu. Mutanen Maraɗi na gyara wa na Tawa, na Damagaram na raina su duka. Marsel ya dafa dankali tukunya guda, ya kawo cuku mai wari wanda Alhaji Sani ya rantse ya ruɓe, ya kuma cinye rabinsa. Kafin la'asar bango ya yi sumul.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu shi ne, Kawu da lissafin gida ya sa ranar. A garinmu bayan an gama girbi ake yaɓe, lokacin da ruwa ya ɗauke. A nan kuwa bayan girbi ne ruwan yake zuwa da gaske, sanyi na biye da shi. Marsel ya so ya faɗa, Kawu ya ɗaga masa hannu ya ce shi tun yana goye yake ganin yaɓe. Laka ba ta bushe ba aka tsuge da ruwa, daga baya ƙanƙara ta kama ta, yaɓen ya zubo ƙasa kamar ɓawon rogo. Da na kai Kawu ya gani, na jira in ji ya ce ya yi kuskure. Ya dubi sama ya ce, "Yaɓe dai an yi shi daidai. Ruwan ƙasar nan ne bai san lokacinshi ba."

Marsel ya roƙi hukuma ta ɗaga masa ƙafa har zafi ya shigo, aka yarda da ƙyar. Kawu bai kai zafin ba. Ciwon ƙirji ya kwantar da shi, yana gadon asibiti yana tambayata ko bangon na tsaye.

Ranar zaman makoki sai ga Marsel ya hawo benenmu, ya cire takalmi yadda ya ga ana yi, ya zauna cikin maza har yamma, ba ya jin ko kalma ɗaya. Bai yi zancen rumbu ba. Alhaji Sani ne ya dube shi ya ce a tambaye shi wane wata ne ruwan nasu yake ɗaukewa.

Da zafi ya shigo abokan Kawu suka dawo, ba wanda ya yaudare su, kowa da tsohon wandonsa. Muna cikin aiki aka ga can sama, ƙarƙashin rufi inda ruwa bai kai ba, ɗan yaɓen farko ya tsira, da sawun yatsun Kawu a jiki. Marsel ya hau tsani da kansa ya tare wurin da hannu, ya ce a zagaye shi. Ni da na sha yi masa tsaki a mota, na koma bayan rumbun na yi kuka har na gode Allah.

Bango dai yana nan tsaye, hukuma ta janye maganarta. Allah ya jiƙan Kawu Illa, ya sa ƙasar da ya kwanta a ciki ta yi masa sanyi, ya ba shi inuwar da ba ta rushewa. Amin.