Ranar da Ƙauye Ya Ara wa Malam Sule Arziki

Har gobe ban manta da ranar da muka kai ziyara gidan Malam Sule ba. Lokacin ina ƙaramin jami'in walwalar jama'a a wajen Ɗanbatta, a shekarun nan da fari ya haɗu da tsuke bakin aljihun gwamnati, albashi ma sai ya ga dama yake zuwa.

Wata ƙungiyar baƙar fata ta Amurka, masu irin aikinmu, ta ware tallafi don ɗalibai baƙar fata masu karatun aikin walwala. Wannan sharaɗin kowa a nan ya cika shi, har shugaban ofishinmu ya ce shi ma a sa sunansa. Na biyun ne mai wuya: sai wakiliyarsu ta je gidan ɗalibi ta ga babu da idonta. Ɗalibarmu ita ce Sa'adatu, 'yar Malam Sule. Saura mata shekara guda ta gama a Kano, makaranta kuma ta ce in ba a biya ba kada ta dawo.

Sa'adatu ta roƙi ubanta ya bar gidan yadda yake. Ya ce ashe bokon bai koya mata kunya ba. Baƙuwa tun daga Amurka, ta zo ta zauna a kan tsumman tabarma?

Na raka wakiliyar, wata dattijuwa da muke ce wa Madam, ni ne tafinta. Muna shiga gidan gabana ya faɗi. Ga kujerun kushin a tsakar gida, ga shanun huɗa ɗaure, ga awaki, ga dammunan gero jingine da rumbu. Ga keken ɗinki, alhali babu mai ɗinki a gidan. An rataye agogon bango biyu a jikin darbejiya, kowanne da nasa lokacin. Shi kansa Malam Sule ya fito cikin wata babbar riga da take sharar ƙasa.

Madam ta tambaya yaya damina. Ya ce sai godiya. Ta tambaya ko abinci yana isar su, ya ce har maƙwabta suna samu. Na yi ta ƙyafta masa ido, ya tambaye ni ko wani abu ne ya faɗa mini a ido. Aka kawo tuwo da kaza muka ci, ina jin shessheƙar Sa'adatu a bayan zana. Ban taɓa cin nama da baƙin ciki irin na ranar ba.

A mota Madam ta ce mutanen kirki ne, amma tallafin na waɗanda ba su da shi ne. Na yi bayani, ta ce ita abin da ta gani za ta faɗa.

Allah Ya yi wa motar ofishinmu albarka, domin muna fita ƙauyen ta mutu, kamar yadda ta saba. Muka koma da ƙafa neman masu turi. A hanya muka yi kiciɓis da kujerun kushin a kan mutane. Bayansu ga shanu, ga wata tsohuwa tana jan awakinta tana mita an bar su da ƙishirwa, ga liman rungume da agogonsa. Mai babbar riga ma ya karɓi kayarsa, ya saɓa a kafaɗa.

Muka tarar da Malam Sule zaune a ƙasa cikin yagaggiyar singileti, ƙofar rumbu a buɗe, babu ko zangarniya. Ya dube mu, ya dubi tsakar gidan, ya sunkuyar da kai. Can ya ce:

"Malam, gaya mata kazar dai tawa ce. Ita kaɗai ta rage."

Na fassara. Madam ta cire tabarau ta zauna a kan tsumman tabarmar nan.

Sa'adatu ta samu tallafin, ta gama, daga baya har ta zama shugabata. Abin da nake gaya wa sababbin ma'aikata shi ne, mutanenmu sun gwammace su rasa taimako da a ga tsiraicinsu. In ka je gida aka ce maka sai godiya, ka yi sallama, ka ɗan zaga, ka dawo. Kuma in an yanka maka kaza, ka tambaya ko tana da 'yar'uwa.